Maganin Ciwon Sukari da Bitamin B12: Bayani ga Iyaye Mata da Masu Faɗakarwa

Idan ke ko wani a gidanku yana shan maganin ciwon sukari, ki ɗauko kwalin ki duba sunan da ke kansa. In an rubuta Metformine ko Glucophage, da lamba 500 ko 850 ko 1000 a gefe, to wannan takarda ta shafe ki. Ku ma masu faɗakarwa na gari da na unguwa, waɗanda ake kira rele, ta shafe ku, domin ku ne ke shiga gidajen da ma'aikacin lafiya bai cika takawa ba.

Metformin shi ne maganin da aka fi fara ba mai ciwon sukari iri na biyu, wato irin da ya fi kama manya. Wani likitan ƙasar Faransa mai suna Jean Sterne ne ya gwada shi a kan masu wannan ciwo a shekarar 1957, kuma yau yana cikin jerin muhimman magungunan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bai kamata a rasa su a kowace ƙasa ba. Yana rage sukarin da hanta ke zubawa cikin jini, yana kuma taimaka wa jiki ya amsa kiran insulin. Ba shi da tsada ƙwarai, kuma idan shi kaɗai ake sha, bai cika kayar da sukari ƙasa har mutum ya suma ba. Magani ne mai kyau, kuma babu inda wannan takarda za ta ce a daina shansa. Sai dai yana da wata ɗabi'a da ba a cika faɗa wa mai shansa ba: a hankali, shekara bayan shekara, yana rage bitamin B12 da hanji ke ɗauka daga abinci.

Aikin B12 da inda yake ɓuya

Bitamin B dangi ne mai ƴaƴa takwas. Waɗanda za mu yi magana a kansu su ne B1 da B6 da B9, wanda aka fi sani da folik asid, sai kuma B12. Shi B12 ayyuka biyu manya yake yi. Na farko, ɓargo yana bukatarsa don ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Na biyu, shi ke kula da rufin da ke lulluɓe da jijiyoyin ji da motsi, kamar yadda roba ke lulluɓe wayar lantarki. Idan rufin ya zube, saƙon da ke tafiya tsakanin ƙafa da ƙwaƙwalwa sai ya rikice.

Abin da jiki ke bukata a rana kaɗan ne ƙwarai. Babban mutum yana bukatar mikrogiram 2.4, mai ciki 2.6, mai shayarwa 2.8, alhali sai an raba giram ɗaya gida miliyan kafin a sami mikrogiram ɗaya. Hanta kuma tana ajiye shi kamar yadda ake ajiye hatsi a rumbu, kuma rumbun da ya cika zai iya ɗaukar mutum shekara uku zuwa biyar ko da an daina zuba masa. Wannan ajiya rahama ce, amma ita ce kuma ke ɓoye matsalar. Mace za ta fara shan metformin a bana, ta yi shekara huɗu ko biyar ba ta ji komai ba, ranar da ƙafa ta fara mutuwa kuwa babu wanda zai tuna da ƙwayar da ta saba sha tun tuni.

Hanyar da B12 ke bi ya shiga jini doguwa ce. Ruwan tsamin ciki ne ke fara raba shi da naman da yake manne da shi. Bayan haka wani sinadari da tumbi ke yi sai ya kama shi, ya yi masa rakiya har can ƙarshen ƙaramin hanji, inda akwai ƙofa guda da ba ta buɗe wa B12 sai tare da ɗan rakiyarsa. Ƙofar tana bukatar sinadarin kalsiyom kafin ta yi aiki, kuma a nan ne masana suka fi zaton metformin ke sa hannu. Ba ya rufe ƙofar ruf, yana dai rage abin da ke wucewa. Shi ya sa rumbun ke raguwa ba tare da hayaniya ba.

Wannan ba sabon labari ba ne, likitoci sun lura da shi tun farkon shekarun 1970. Binciken da ya fi fito da shi fili an yi shi ne a ƙasar Holand, aka buga sakamakonsa a 2010. An bi mutum 390 masu ciwon sukari iri na biyu har sama da shekara huɗu, wasu suna shan miligiram 850 na metformin sau uku a rana, wasu kuma ƙwayar da ba magani a cikinta. A ƙarshe aka tarar B12 na masu shan metformin ya ragu da kashi 19 cikin 100 idan aka gwada da na sauran, kuma raguwar tana ƙaruwa ne da daɗewar shan maganin. A 2022 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta sanar cewa abin yana iya shafar har mutum ɗaya cikin goma na masu shan sa.

A lura da wani abu: waɗannan alƙaluma daga ƙasashen da ake cin nama da madara da cuku kusan kullum suka fito. B12 kuwa ba ya cikin hatsi ko dawa ko masara ko shinkafa, ba ya cikin wake, ba ya cikin zogale ko kuka. A abincin da ya fito daga dabba kaɗai ake samunsa. Matar da abincinta tuwo ne da miyar kuka, sai hura da ɗan nono idan an samu, wadda kuma ta yi ciki da goyo a jere sau biyar ko shida, da wuya a ce rumbunta cike yake ranar da aka fara ba ta maganin. Ita ba sai ta jira shekara biyar ba.

Haɗarin ya fi yawa ga wanda ya wuce shekara huɗu yana shan maganin, da wanda ke shan miligiram 1500 ko fiye a rana, da kuma tsofaffi, domin tsufa kansa yana rage ruwan tsamin ciki. Akwai wani abu da ake yawan mantawa: maganin gyambon ciki irin su omefurazol, wanda mutane da yawa ke saye da kansu su yi watanni suna sha, shi ma rage wannan ruwan tsami ne aikinsa. Mai haɗa shi da metformin ya tsare wa B12 hanya a wuri biyu.

Alamun da ke kama da ciwon kansa

Babbar wahalar ita ce ciwon sukari da ƙarancin B12 duk jijiyoyin ƙafa suke fara taɓawa, kuma kukan da marar lafiya ke yi iri ɗaya ne. Za ta ce tafin ƙafarta yana zafi kamar an shafa tonka, ko tana jin kamar tururuwa na yawo a kai, ko ana tsira mata allura da dare. Wata za ta ce takalmi na zame mata ba ta sani ba. Idan aka ji haka daga mai ciwon sukari, abin da aka saba cewa shi ne sukarin ne ya taɓa jijiya, sai a ƙara mata magani. Idan kuwa metformin aka ƙara alhali B12 ne ya yi ƙasa, an ƙara wa abin da ke damunta ƙarfi ke nan. Bambancin yana da muhimmanci, domin lahanin da sukari ya yi wa jijiya ba ya cika komawa baya, amma na B12 yana warkewa idan an kama shi da wuri. Idan aka bar shi ya daɗe, shi ma yana iya zama na dindindin.

Akwai alamun da ya kamata su sa a yi zaton B12. Tangaɗi a wajen tafiya, musamman cikin duhu ko lokacin da ta rufe ido tana wanke fuska. Mutuwar yatsun hannu tare da na ƙafa, har ɗaura zane ko tsince wake ya yi mata wuya. Harshe ya yi ja, ya yi sumul, yana zafi idan ta ci abu mai yaji. Gajiya da haki da bugun zuciya bayan ɗan aiki, da farin ido da farin tafin hannu na ƙarancin jini. Ga masu baƙar fata, wani lokaci gaɓoɓin yatsu da tafin hannu sukan ƙara duhu. Sai kuma mantuwa da saurin fushi da rikicewar tunani, waɗanda a wajen tsohuwa akan ce tsufa ne, a wajen matashiya kuma a ce iska ce ko sammu. Ba lalle duka su haɗu ba. Jijiya tana iya lalacewa alhali jini bai ragu ba ko kaɗan.

Mai ciki da mai goyo

Nan ne maganar ta fi shafar aikinmu na yaƙi da tamowa. Jariri ba shi da inda zai sami B12 sai wajen uwarsa, ta mabiya yana ciki, ta nono bayan haihuwa. Idan na uwa ya yi ƙasa, ɗan zai zo duniya da ƙaramar ajiya, nonon kuma ba zai cike masa giɓin ba. Alamun sukan bayyana tsakanin wata huɗu zuwa goma. Yaro ya yi laushi kamar ba ƙashi, ya daina murmushi da wasa, ya ƙi karɓar kunu, nauyinsa ya tsaya. Wanda ya fara zama ya koma ba ya iyawa, wani kuma hannu ko leɓe ya riƙa rawa. Uwar kanta tana iya kasancewa ba ta jin komai a jikinta. Irin wannan yaro a kai shi likita ba tare da jinkiri ba, a kuma faɗa wa ma'aikacin lafiya maganin da uwar ke sha da shekarun da ta yi tana shansa, domin ƙwaƙwalwar da ke girma ba ta jira.

Kada wannan ya sa a cire yaro daga nono. Metformin ɗin da ke shiga nono kaɗan ne ƙwarai, kuma an yarda mai shayarwa ta sha shi. Nono zalla har wata shida yana nan yadda yake. Abin da ake gyarawa shi ne B12 na uwa, a kuma ba yaron nasa idan awo ya nuna yana bukata.

Ke mai ciwon sukari da kika sami ciki, ko kike shirin samu, ki je awon ciki da wuri da kwalin maganinki a hannu. Likita ne zai yanke ko ki ci gaba da ƙwaya ko a mayar da ke kan allurar insulin. Za a ba ki ƙwayar ƙarin jini mai sinadarin ƙarfe da folik asid. Ki sha ta yadda aka ce, domin folik asid yana kare ɗan tayi daga nakasar ƙashin baya da ta ƙwaƙwalwa, kuma haɗarin irin wannan nakasa ya fi yawa ga ƴaƴan masu ciwon sukari. Amma ki san cewa wannan ƙwaya mai sinadari biyu babu B12 a cikinta. Abin da ya fi haka ma, folik asid yana iya gyara ƙarancin jinin da rashin B12 ya kawo, awon jini ya fito lafiya, ke ma ki ji ƙarfi ya dawo, alhali jijiya tana ci gaba da lalacewa a ɓoye. Saboda haka shan ƙwayar ƙarin jini ba ya nufin an gama da maganar B12. A wuraren da ake ba masu ciki ƙwayar haɗin sinadarai goma sha biyar, akwai B12 a cikinta, amma gwargwadon bukatar rana ɗaya ce, ba ta isa ta cika rumbun da ya riga ya zube ba.

Sauran dangin B ba su da dogon bayani. Folik asid yakan ɗan ragu ga masu shan metformin, amma ba kamar B12 ba, kuma wake da gyaɗa da ganye suna mayar da shi. B1 yana yawan fita ta fitsarin mai ciwon sukari, amma wannan aikin ciwon ne, sai kuma maganin sa fitsari irin su furosemid da ke ƙara fitar da shi. Yawan surfe da yawan wanke tsaba suna rage B1 da ke cikin hatsi. B6 kuwa maganin tarin fuka mai suna izoniyazid ne ke cinye shi, kuma da yake masu ciwon sukari sun fi saurin kamuwa da tarin fuka, wanda ke shan magungunan biyu ya tambaya ko an haɗa masa da B6. Insulin da gilibenkilamid da gilikilazid ba a san su da rage B12 ba.

Awo da magani

Ba a gane ƙarancin B12 da ido, sai da awon jini. Idan sakamakon ya nuna ƙasa da 200 a ma'aunin pg/mL, ana ɗaukarsa ƙaranci. Tsakanin 200 da 300 gefen rami ne, likita zai duba alamun jiki kafin ya yanke. Wannan awo ba a ƙananan cibiyoyin lafiya na karkara ake yinsa ba, sai a ɗakunan awo na manyan asibitoci da na birane kamar Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai, don haka ma'aikacin CSI ne zai rubuta takardar turawa. Awon ƙidayar jini na yau da kullum yana iya ba da haske idan ya nuna jajayen ƙwayoyi sun yi girma fiye da kima. Amma ga matar da ke da ƙarancin sinadarin ƙarfe, wanda shi ƙanƙantar da ƙwayoyin yake yi, alamar tana iya ɓacewa. Inda awo ya gagara kuma alamun sun bayyana, likita yana da ikon fara magani bisa abin da ya gani, domin B12 ba ya cutarwa a adadin da ake bayarwa, jinkiri kuwa yana cutarwa.

Maganin allura ne ko ƙwaya. Allurar mikrogiram 1000 ake yi a tsoka, a jere da farko, daga baya a riƙa tazara. Ita aka fi zaɓa idan jijiya ta taɓu ko jini ya yi ƙasa sosai. Ƙwayar kuma mai mikrogiram 1000 ce a rana. Wani zai yi mamakin wannan yawa ga jikin da ke bukatar ƙasa da uku. Dalilin shi ne kimanin kashi ɗaya cikin 100 na abin da aka haɗiye yana ratsa bangon hanji da kansa ba tare da bin ƙofar nan ba, kuma wannan kashi ɗaya ya wadatar. Ƙarfin jiki yakan fara dawowa cikin ƴan makonni, jijiya kuwa tana ɗaukar watanni. Duk wannan ana yinsa ne ana ci gaba da shan metformin. Wadda ta ajiye maganin sukarinta don tsoron rashin bitamin ta buɗe wa ciwon hanya zuwa ido da ƙoda da ƙafa, kuma wannan asara ta fi waccan nesa ba kusa ba.

A guji ƙwayoyin bitamin da allurai na masu talla a kasuwa da tasha. Ba a san abin da ke cikinsu ba, kuma rana ta gasa su. Da yawa daga haɗin bitamin B da ake sayarwa B12 ɗin cikinsu bai taka kara ya karya ba, wasu ma babu shi sam. Wasu kuma suna ɗauke da B6 mai yawa, wanda idan aka daɗe ana sha shi ma yana kashe jijiyar ƙafa. Garin sifirulin da ake tallarsa a matsayin mai gina jiki ba abin dogaro ba ne a nan, domin yawancin abin da ke cikinsa mai kama da B12 jikin mutum ba ya amfani da shi.

Abin da za a sa a tukunya

Hanta ce gaba da kowa: ɗan yanki kamar yatsu biyu ya ninka bukatar rana sau da yawa. Sardin na gwangwani guda ya wuce bukatar rana. Naman saniya ko na rago kamar cikin tafin hannu yana kusan cika ta. Kofin madara ko na kindirmo yana ba da kusan rabi, ƙwai ɗaya kuma kimanin kashi ɗaya cikin biyar. Cuku da kilishi da busasshen kifi duk suna da rabonsu.

Amma ƙofar hanjin nan ba ta wuce da fiye da mikrogiram biyu ko ƙasa da haka a ci ɗaya, sai ta huta ƴan sa'o'i. Ma'ana, hantar layya da aka ci aka ƙoshi a kwana biyu ba za ta riƙe mutum shekara ba. Ɗan kifi a miya yau, ƙwai gobe, nono jibi, ya fi tarin nama sau ɗaya a wata. Da damina, lokacin da hatsi ya ƙare kuma kuɗi ya yi wuya, lokacin ne zabi ke ƙwai kuma shanu ke da nono. Kada a kai duka kasuwa, a rage wa mai ciwon sukari da mai goyo. Maganar da ake yi cewa ƙwai yana cutar da mai ciki ko yana ɓata tarbiyyar yaro ba ta da tushe. Haka kuma ciwon sukari bai hana cin nama ko ƙwai ko kifi ba. Mutane da yawa suna haramta wa kansu waɗannan bayan an gaya musu suna da ciwon, su koma ga tuwo zalla, wanda shi ne ma ke ɗaga sukarin.

Hattara biyu. Mai ƙaramin ciki kada ta yawaita hanta, domin bitamin A da ke cikinta yana da yawa ƙwarai, ta fi dogara ga nono da ƙwai da kifi da nama. Ita kuma hura, a yawaita nonon, a rage dawon, kada a sa sukari. Madarar gwangwani mai zaƙi ba ta mai wannan ciwo ba ce. Ɗanyar madara a tafasa ta sau ɗaya a sauke, doguwar tafasa tana rage bitamin ɗin. A kuma tuna cewa abinci yana kare wadda rumbunta bai zube ba, amma wadda awo ya nuna ƙaranci sai ta haɗa da magani.

Ga masu faɗakarwa

Idan kun shiga gida don awon hannun yara, ku tambaya ko akwai mai ciwon sukari, uwa ce ko kaka ko maigida. In akwai, ku nemi ganin kwalin maganin da idonku, domin mutane da yawa da launi suke sanin ƙwaya ba da suna ba. Ku tambayi shekara nawa aka yi ana sha da ƙwaya nawa a rana, ko ana haɗawa da maganin gyambon ciki, da kuma sau nawa aka ci nama ko kifi ko ƙwai ko nono a cikin kwana bakwai da suka wuce. Ku rubuta amsoshin a takardar turawa. Shekarar fara maganin ita ce abin da ma'aikacin lafiya ya fi bukata, kuma ita ce aka fi mantawa. In ba a tuna ta ba, a auna da haihuwar wani yaro ko da wata damina da aka sani.

Wanda ya wuce shekara huɗu a kan metformin ku tura shi ya nemi shawara kan awon B12 ko da ba ya jin komai. Mai ciki da mai goyo da ke shan maganin ku tura su a wannan makon. Wanda ke tangaɗi, ko hankalinsa ya fara rikicewa, ko ya yi fari yana haki, da jaririn da ya yi laushi ya ƙi ci, su a ranar za a kai su. Ba aikinku ba ne ku canza magani ko ku rage shi ko ku rubuta wani. Bayan mako biyu ku koma gidan ku ga ko an je, abin da aka rubuta, da kuma ko ana ci gaba da shan metformin ɗin yadda likita ya tsara.